Fim Ɗin da Arzika Ya Gyara

A bakin titin Tsafe, daf da inda motocin Funtuwa suke tsayawa su kwashi fasinja, akwai wata rumfar langa-langa da yanzu mai sayar da rake yake zama a cikinta. Da can ta Arzika ce. Sana'arsa tura fim a waya: ka miƙa masa wayarka ko memori, ya jona da tsohuwar kwamfutarsa, ya zuba maka abin kallo. Masu wannan sana'a suna da yawa a Tsafe, amma shi kaɗai ne za ka je wurinsa da kuɗinka ya hana ka abin da ka zo saye.

"Wanga? A'a, ba ni tura ma wanga. Cajinka kawai za ka ɓata."

"Arzika, kuɗina ne ko naka?"

"Naka ne. Amma ni za ka zaga gobe."

Haifaffen Tungar Marke ne, wani ƙauye gaba da Kekun Waje a ƙasar Bungudu. Su biyu iyayensu suka bari, shi da yayarsa Juwairiyya. Da mahaifinsu ya rasu, amininsa Baba Mamman ne ya riƙe su, shi ya aurar da Juwairiyya a cikin garin, shi kuma ya gane cewa Arzika ba zai taɓa zama manomi ba. Ya ɗauke shi ya kai shi Gusau wurin wani mai gidan kallo. A can Arzika ya yi shekaru yana share benci yana tsaron ƙofa, yana kallon fim ɗaya safe da yamma har ya haddace shi. Wanda ya kalli abu haka, labarin ya daina ruɗarsa. Sai ya fara ganin inda jaruma ta saci kallon kyamara, da inda gawa ta ja numfashi, da inda aka ce mutum ya kwana a gona amma ƙafarsa ko ƙura babu.

Daga gidan kallo ya koma sayar da kaset, daga kaset zuwa faifai, da faifai ya mutu ya sayi kwamfuta ya sauka Tsafe. Ya taɓa aure, bai daɗe ba. Matar ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ko kuka take yi sai ya tsura mata ido kamar mai neman kuskure ba.

Da la'asar 'yan kabu-kabu suke cika bencinsa. Ba caji kaɗai ke kawo su ba, sharhi suke zuwa ji. Duk sabon fim da ya fito, sai Arzika ya yanke masa hukunci kafin a taɓa shi. Wanda ya yaba, kafin magariba ya zaga garin. Wanda ya kushe, ko kyauta ba mai so. Kuma babu abin da ya fi tayar masa da jijiyar wuya irin fina-finan da aka fara yi a kan 'yan bindiga.

"Ku dubi ɓarawon daji da farar shadda! Guga har tana yanka. Wa ka yi mashi wanki cikin dajin?"

"Ƙila matarshi ce, Arzika."

"To ga wadda anka ɗauke. Wata da watanni a daji, jan-bakinta bai goge ba. Kuma kiɗa! Kowa za shi mutuwa sai an sa mashi kiɗa. Ina gida ranar da sunka fara shigowa Tungar Marke, na je yin salla. Wa ya ji kiɗa? Kukan awaki munka ji, sai wata tsohuwa tana kiran sunan jikanta. Shi ke nan. Mutanen ga suna zaune Kano suna cin abinci da wahalarmu, ko tambaya ba su yi."

Wata rana yana cikin irin wannan faɗa, akwai wani baƙo a ƙarshen benci yana jiran wayarsa ta ɗauki caji. Sunansa Faruk, ɗan Gusau ne, ya yi karatun harkar fim a kudu ya dawo da niyyar yin fim a kan abin da ke faruwa a Zamfara, da mutanen Zamfara. Motar da ya shigo ta cika ta tashi, bai motsa ba. Da mutane suka watse ya matso.

"Malam Arzika, in na kawo maka labarina, za ka yi masa irin wannan wankin kafin in ɗauka?"

"Ka iya jin zagi?"

"Gara naka da na 'yan kallo."

Haka Arzika ya zama mai ba da shawara. Ya riƙa rufe rumfa yana bin su Faruk bayan garin Gusau inda suke ɗauka. Ya hana kwalliya. Ya sa aka tattaka kayan 'yan wasa a laka aka shanya. Ya cire wata doguwar magana da aka rubuta wa uwar da aka kashe wa ɗa, ya ce mace a wannan hali ba ta jawabi, zama take yi ta riƙa gyara ɗaurin zanen da bai kwance ba. Faruk yana jin haushi, yana kuma rubutawa.

Inda abin ya tsaya cak shi ne wurin infoma, mutumin gari da ke ba 'yan bindiga labari. Ɗan wasan da aka ba wannan rawa ya laɓe a bayan katanga, yana zare ido, yana waige-waige, yana raɗa a waya.

"Tsaya, tsaya!" in ji Arzika. "Wanga ko makaho ya gane shi. Infoma ba shi raɗa. A bainar jama'a shika waya, shina cin gyaɗa, kamar mai cinikin taki. Kuma mi ne ne wanga 'Alhaji mai kuɗi'? Ba a hwaɗin suna. Gida aka kwatantawa: ina shike, mi anka sayar, akwai kare ko babu."

Aka sake, aka sake, ɗan wasan ya kasa. Faruk ya cire hula ya share zufa.

"To Malam Arzika, zo ka yi mana."

Ya yi, amma da sharaɗi. Da rigarsa ta kullum zai fito. A rumfarsa ta Tsafe za a ɗauka, da ƙarar motoci da komai. Kyamara ta tsaya can tsallaken titi, kamar wani ne yake leƙensa. Kuma kada a kuskura a sa kiɗa.

Ranar ɗauka ya zauna a kujerarsa, ya zuba gyaɗa a cinya, ya kara waya a kunne. Sai ya ga ba zai iya kwatanta gidan da bai sani ba. Ƙarya za ta fito a muryarsa, irin wadda ya shekara yana kamawa a bakin wasu. Gidan da ya fi sani a duniya, bayan na mahaifinsa, shi ne na Baba Mamman. Kuma labarin gidan yana sabo a kansa, domin duk Juma'a Juwairiyya takan kira shi ta kwashe masa labarin ƙauye kaf, wanda ya haihu, wanda ya yi rashin lafiya, wanda akuyarsa ta ɓata.

"Awo, lahiya lau," ya ce wa wayar, yana murza gyaɗa yana hure ɓawon. "Gidan da ke bayan rijiya, mai durumi a ƙohwa. Tsohon ya sayar da bijimi ran kasuwar Mada. A'a, bai kai banki ba, ina shi ina banki. Karen? Ya mutu tun kwanaki. Katangar baya ma damina ta ci ta." Wani yaro mai tallan ruwa ya wuce, ya ɗaga masa hannu yana murmushi, ya ci gaba da magana.

Da aka tsayar da kyamara babu wanda ya tafa. Mai riƙe da na'urar sauti ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Faruk ya tsallako titi.

"Gidan nan da ka kwatanta, akwai shi?"

"Wane ƙauye ne babu gida bayan rijiya?" in ji Arzika. Suka yi dariya. A ransa ya ɗauka magana ta ƙare: fim ne da za a kai Legas, wa ya san Tungar Marke a can?

Legas ɗin aka kai shi, wurin wani bikin baje kolin fina-finai, a can aka fara nuna shi. Faruk ya riƙa kiran Arzika yana karanta masa abin da masu sharhi suka rubuta, yana juya masa da Hausa. Ɗaya ya ce farkon fim ɗin yana jan ƙafa. Arzika ya ce gaskiya ya faɗa, shi ma ya gaya wa Faruk. Wata ta ce matan cikinsa an bar su ba baki. Ya ce wannan ba ta san garinmu ba, amma a bar ta. A kan abu ɗaya duk suka haɗu: mutumin nan mai cin gyaɗa. Wani ya rubuta cewa bai taɓa ganin mugunta ta zauna cikin natsuwa haka ba, har ya tambaya ko ɗan wasa ne kuwa.

Arzika ya sa aka maimaita masa wannan wurin. Ranar ya saya wa duk 'yan bencinsa shayi.

Don tallata fim ɗin, aka yanko wannan fitowa tasa aka sa a intanet da sunan fim a sama. Ba a san wanda ya datse sunan ba. Abin da ya iso wayoyin Zamfara shi ne hoton wani mutum da aka ɗauka daga nesa, ba kiɗa, ba rubutu, yana zaune a rumfarsa ta gaske da rigarsa ta gaske yana kwatanta gida. Tare da shi akwai saƙon murya na wani da ke rantsuwa cewa an kama infoma a Tsafe yana tsaka da aiki, a tura wa kowa don Allah.

Mutanen Tsafe da suka ga ranar ɗauka dariya suka yi. 'Yan kabu-kabu suka laƙaba masa Infoma. Amma fasinjojin da ke sauka daga mota suka fara tsayawa suna duban rumfar, suna duban wayarsu. Wata mata ta tofa yawu a gabansa. Faruk ya yi bayani a bidiyo, ya nuna hotunan ranar ɗauka, ya roƙi a yaɗa. Bayanin bai yi tafiyar da hoton farko ya yi ba.

Bayan an yi girbi, 'yan bindiga suka shiga Tungar Marke. Ba su bi gida-gida kamar yadda suka saba ba. Ta katangar baya suka shiga gidan Baba Mamman, suka fito da shi, suka tafi. Tsoho ne mai ciwon ƙafa. Kafin a gama haɗa abin da suka nema, wani da aka sako ya kawo labarin cewa ya rasu a hannunsu, a can suka binne shi.

Arzika ya rufe rumfa ya tafi Gusau wurin Faruk. Ko zama bai yi ba.

"Suna kallon fim cikin daji?"

"Kowa yana da waya yanzu, Malam Arzika."

"To sun gani?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ƙila wani ne a garin ya ba su labari. Ai a ƙauye kowa ya san wanda ya sayar da bijimi."

"Ƙila," in ji Arzika. "Ƙila kuma ni ne."

Juma'ar nan Juwairiyya ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. Mijinta ya rasu da jimawa, ita kaɗai ce da 'ya'yanta a gidan. Ta ce Bashar, babban ɗan Baba Mamman, wanda suka tashi tare da Arzika, yanzu shi ne gaba a 'yan sa-kai masu gadin ƙauyen, kuma hoton yana wayarsa.

"Kak ka zo ta'aziyya, Arzika. Na roƙe ka da girman Allah."

"Yaya, wasa ne. Kowa ya san wasa ne."

"Sun ce sun ji. Abin da suka tambaya shi ne, kai kana Tsahe, wa ka ba ka labarin garin ga? Zancen bijimi, zancen kare. Ni na hwaɗa ma, Arzika. Ni na hwaɗa ma, ina dariya." Ya ji tana jan hanci. "Jiya na je rijiya, matan sunka ɗauke gugansu sunka ba ni wuri. Ba wadda ta ce min sannu. Ɗazu wasu samari sunka tsaya ƙohwar gida, ba su yi sallama ba, ba su kuma wuce ba."

"Ki kwashe yaran ki taho nan."

"In na gudu ai na amsa ke nan. Kuma hatsina na rumbu, mi za mu ci a Tsahe?"

Ya san yadda irin wannan take ƙarewa, ya ga an yi wa wasu. In shi bai je ba, tambayar ba za ta mutu ba, gidan da ya fi kusa za ta shiga. Faruk ya ce ya zo ya kai shi Kaduna ya ɓoye har ƙura ta lafa. Ya ƙi. Faruk ya ce to su tafi tare da kwamfuta da takardun fim. Ya ce a'a, baƙo da jaka zai ƙara lalata abin. Abu ɗaya ya karɓa, cikakken fim ɗin a wayarsa.

Da hantsi ya isa Tungar Marke a bayan kabu-kabu. Mai babur ɗin ya sauke shi tun daga bakin gari ya juya. Ana zaman makoki a ƙarƙashin durumin ƙofar gidan Baba Mamman, maza a kan tabarmi, mata a ciki bayan zana. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta."

Liman kaɗai ya amsa. Bashar yana zaune da bindigar toka a jingine da kafaɗarsa, ya rame, idonsa ja. Arzika ya ciro waya ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ga abin nan gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ku kalla, sannan ku yi min hukunci."

Suka kalla. Dattawan da ba su taɓa zama gaban fim ba suka sunkuyo a kan 'yar wayar. Da aka zo inda uwar nan take gyara ɗaurin zanenta, wani tsoho ya kau da kai ya share ido da hannun riga. Da aka zo kan mai cin gyaɗa, sai aka ji muryar Arzika tana kwatanta itacen da suke zaune a ƙarƙashinsa. Bashar ya sa yatsa ya tsayar.

"Na yarda wasa ne," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Na ga sunayenku a rubuce, na ga komi. Amma bijimin Baba ba wasa ba ne, Arzika. Katangar ba wasa ba ce. Karen ga ni na gina rami na rufe shi. Rabonka da garin ga tun sallar bara waccan. Wa ka hwaɗa ma?"

Bayan zana motsin kwanuka ya tsaya. Arzika ya san yayarsa tana nan, domin tun rasuwar ita ke taya matan gidan girki, ko ba a yi mata magana.

"Ba wanda ya hwaɗa min."

"To wahayi anka yi ma?"

"Ina kasuwar Mada ranar. Da idona na ga an ja bijimin."

"Karen hwa? Katangar hwa? Su ma Mada anka kai su?"

"Na shigo garin ga bayan nan. Na zaga na duba, don aikin fim ɗin. Ban sauka gidan kowa ba."

Liman ya dube shi, ya girgiza kai a hankali kamar mai roƙonsa ya janye.

"Ka shigo garin ubanka," in ji Bashar, "ka zaga bayan gidan mutumin da ya riƙe ka, ba ka gaishe shi ba, ba ka leƙa yayarka ba, ka koma?"

"Awo."

"Ko ita ba ta san ka zo ba?"

"Da ta sani da ta hana ni tahiya ban ci tuwo ba. Ka san halinta."

Ya faɗe shi a zaune daram, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon Bashar cikin ido. Babu wanda ya yi shakka a wurin. Samarin da ke tsaye a baya suka fara matsowa.

Liman ya miƙe da ƙyar ya ce a ji tsoron Allah, ba a yanke hukunci a zaman makoki, a kai shi Bungudu a danƙa wa hukuma su bincika. Bashar ya ce to, haka za a yi. Aka kawo babur, aka sa Arzika a tsakiya, mutum ɗaya gaba ɗaya baya, wasu babura suka bi su. Ya bar takalminsa a bakin tabarma. Bai waiwayi zanan ba.

Ba su kai Bungudu ba. Washegari masu zuwa ɗiban itace suka same shi a bakin rafi. Waɗanda suka tafi da shi suka ce ya yi ƙoƙarin gudu ne.

Liman da mutum kaɗan suka yi masa salla, aka rufe shi a gefen maƙabarta. Faruk ya so zuwa, direbobi suka ƙi kai shi. Ya janye fim ɗin daga inda aka shirya nuna shi a Gusau, har yau bai sake ɗaukar kyamara ba.

Juwairiyya ta ji komai daga bayan zana, da muciya a hannunta. Ranar jana'iza ba ta yi kuka a fili ba, domin ana duban wanda zai yi. Mata suka shigo mata gaisuwa, suna cewa Allah ya isar mata, ƙane ya shigo gari a ɓoye ko ita bai nema ba. Ta ce amin. Tana nan a Tungar Marke da 'ya'yanta, tana noma gonar mijinta. Matar Bashar ma takan aiko a ara turminta, ta bayar.